Kallon Ƙwallon Ƙafa a Amurka: Daga Ina Ƴan Kallon Suka Fito?

An fi shekara ɗari ana buga ƙwallon ƙafa a Amurka, amma sai daga shekarun 1990 wasan ya fara tara ƴan kallo na dindindin, masu sayen tikiti duk mako, masu biyan kuɗin tashar talabijin saboda shi. Yau tamaula na iya cika filin mutum dubu 70 a Atlanta ko Los Angeles, kuma manyan tashoshin ƙasar na gogayya kan izinin nuna wasannin Turai. Sai dai masu kallon nan ba taro ɗaya ba ne. Akwai masu bin gasar Meziko, akwai na gasar Ingila, akwai na ƙwallon mata, akwai na gasar cikin gida, kuma sau da yawa wannan bai san abin da wancan ke kallo ba.

Taro mafi yawa da aka taɓa yi don ƙwallon ƙafa a ƙasar ya isa misali. Ranar 2 ga Agusta 2014, mutum 109,318 suka shiga filin jami'ar Michigan. Wasan na sada zumunci ne, kuma tsakanin baƙi biyu: Manchester United da Real Madrid.

Suna ɗaya, wasa biyu

Idan Ba'amurke ya ce "futbol", wani wasa daban yake nufi, mai kama da zari-ruga, wanda ake bugawa da hular kwano da ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma galibinsa da hannu ake yi. Babbar gasarsa ita ce NFL. Ƙwallon da sauran duniya ta sani kuwa "soka" suke ce masa. Kalmar daga Ingila ta fito, a ƙarshen ƙarni na 19; Ingilishi suka yi watsi da ita daga baya, Amurkawa suka riƙe saboda sunan futbol ya riga ya samu mai shi a wurinsu. Lokacin da tamaula ke mamaye Turai da Kudancin Amurka, besbol da futbol na jami'o'i sun riga sun kama filaye da shafukan jaridun Amurka, ƙwallon kwando kuma ya biyo baya.

Farkon da bai ɗore ba

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka a 1913. A shekarun 1920 akwai gasa mai ƙarfi a garuruwan masana'antu na gabashin ƙasar, inda ƴan ci-rani daga Birtaniya suka yi yawa, amma rikicin shugabanci da karayar tattalin arziki ta 1929 suka gama da ita. Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na farko a 1930. A 1950 kuma, a Belo Horizonte ta Birazil, ta doke Ingila da ci 1 da nema, Joe Gaetjens haifaffen Haiti ya jefa ƙwallon. A gida kusan babu wanda ya ji labari. Ɗan jaridar Amurka ɗaya ne ya je gasar, daga St. Louis, shi ma da kuɗin aljihunsa. Daga nan ƙasar ta yi shekara 40 ba ta sake leƙa Kofin Duniya ba.

Yunƙuri na biyu shi ne gasar NASL da aka fara a 1968. A 1975 ƙungiyar New York Cosmos ta ɗauko Pelé, daga baya Franz Beckenbauer da Carlos Alberto suka same shi. Johan Cruyff da George Best suka je wasu ƙungiyoyin. A Agusta 1977 mutum 77,691 suka kalli wani wasan Cosmos. Masu kuɗi suka ɗauka kasuwa ta buɗe, aka kai ƙungiya 24 a 1978, kowa na zuba albashi irin na Cosmos ba tare da aljihun Cosmos ba. Matsakaicin ƴan kallo a gasar bai wuce dubu 14 da ɗoriya ba ko a lokacin da take ganiyarta. Bayan kakar 1984 ta rushe. Abin da ta bari shi ne yara: miliyoyin ƴan makaranta a unguwannin bayan gari sun shiga buga ƙwallo, kuma su ne iyayen masu kallon yau.

1994

Abin da ya ja hankalin FIFA shi ne wasannin Olimpik na Los Angeles a 1984, inda mutum sama da dubu 101 suka kalli wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Birazil a filin Rose Bowl. Ranar 4 ga Yuli 1988 aka ba Amurka Kofin Duniya na 1994, ta kayar da Maroko da Birazil a ƙuri'a, bisa sharaɗin ta kafa gasar ƙwararru. An yi ta ba'a a Turai cewa za a buga gasar a fili ba kowa.

Ba haka ta kasance ba. A wasa 52, mutum miliyan 3 da kusan dubu 590 suka shiga filaye, wato kusan dubu 69 a kowane wasa. Gasannin da suka biyo baya har zuwa ta Katar a 2022 kowace wasa 64 ta yi, amma babu wadda ta kamo wannan adadi. A wannan gasa Najeriya ta fara fitowa, ta lallasa Bulgeriya 3 da nema a Dallas, Roger Milla na Kamaru ya ci ƙwallo yana da shekara 42, Roberto Baggio kuma ya ɗaga fanareti sama a wasan ƙarshe a gaban mutum 94,194. Bayan shekara biyu, sama da mutum dubu 86 suka kalli Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinaren Olimpik a jihar Jojiya. Aka tabbatar Amurkawa na cika fili idan ana babban biki. Abin da ya rage a gani shi ne ko za su fito a ranar Asabar da ba a bikin komai.

Gasar cikin gida

An buɗe gasar MLS ranar 6 ga Afrilu 1996 da ƙungiya 10. Waɗanda suka tsara ta suna da NASL a zuciya, don haka suka ɗaure ta tamau: ɗan wasa da hukumar gasar yake sa hannu, akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, babu faɗuwa zuwa rukuni na biyu, kuma zakara ba wanda ya fi maki ba ne, sai an yi zagayen sili-ɗaya-ƙwale a ƙarshen kaka. Sun kuma yi ƙoƙarin gyara wasan don ya yi wa Ba'amurke daɗi. Agogo baya yake ƙirgawa zuwa sifiri, kuma ba a yarda da canjaras ba: sai ɗan wasa ya taso da ƙwallo daga nisan mita 32, a ba shi daƙiƙa 5 ya ci gola. Sakamakon shi ne biyu babu. Masu son tamaula na asali suka ga an yi musu wasa da hankali, waɗanda ba sa so kuma ba su zo ba. Bayan kakar 1999 aka soke waɗannan dokoki.

Ƴan kallo sun ragu daga kusan dubu 17 da 400 a wasa a 1996 zuwa ƙasa da dubu 14 a 2000, ana buga wasa a filayen NFL masu kujera dubu 60 ko 70, inda dubu 14 ke zama kamar ba kowa. An ƙiyasta asarar shekara biyar na farko da dala miliyan 250. A farkon 2002 aka rufe ƙungiyoyi biyu na jihar Florida. Attajirai uku suka riƙe gasar kada ta faɗi: Lamar Hunt, Robert Kraft da Philip Anschutz, wanda a wani lokaci shi kaɗai yake da ƙungiya shida.

Abin da ya cece ta bulo ne da siminti. A 1999 Hunt ya gina wa Columbus Crew fili nata na kanta, mai ɗaukar mutum dubu 22 da ɗoriya. Ƙungiyar da ke da filinta ba ta biyan haya, kuɗin abinci da na ajiye mota da na talla duk nata ne, kuma ƙaramin fili da ya cika ya fi babba mai wayam kyan gani a talabijin. Yawancin ƙungiyoyin gasar sun bi wannan hanya daga baya. A 2002 ɗin kuma ƙungiyar ƙasa ta doke Portugal da Meziko, ta kai zagayen ƴan takwas a Kofin Duniya, abin da ya ba gasar damar numfasawa.

A 2007 David Beckham ya bar Real Madrid zuwa LA Galaxy, aka ƙirƙiro doka saboda shi wadda ta ba ƙungiya damar biyan wasu ƴan taurari sama da iyakar albashi. Thierry Henry, Kaká, Didier Drogba, Obafemi Martins da Zlatan Ibrahimović duk sun ratsa gasar. Amma mafi yawan ƴan kallo ba taurari suka kawo su ba. Sabbin garuruwa ne. Seattle, da ta shiga a 2009, ta yi shekaru tana tara sama da dubu 40 a wasa. Atlanta United ta shiga a 2017, a kaka ta biyu ta haura dubu 50, ta ɗauki kofi a gaban mutum 73,019. A irin waɗannan wurare matasa ne suka kafa ƙungiyoyin magoya baya, da ganguna da tutoci da waƙe-waƙe da suka kwaikwayo daga Jamus da Ajantina. A 2024 matsakaicin ƴan kallo ya haura dubu 23.

Kuɗin shiga gasar na nuna yadda abin ya sauya. Toronto, ɗaya daga ƙungiyoyin Kanada uku da ke ciki, dala miliyan 10 ta biya ta shiga a 2007. San Diego, wadda ta zama ta 30 a 2025, miliyan 500 ta biya. Babban mai ita shi ne attajirin Masar Mohamed Mansour, wanda kuma ke da makarantar ƙwallo ta Right to Dream da ta samo asali a Ghana. Beckham kuwa tun a yarjejeniyarsa ta 2007 an sa masa damar sayen ƙungiya kan miliyan 25 kacal. Ita ce Inter Miami, wadda ta ɗauko Lionel Messi a Yuli 2023, ta kuma ci kofin MLS a Disamba 2025. Duk inda Messi ya je tikiti yakan ninka, wasu ƙungiyoyin har filin NFL suke komawa a ranar: a Kansas City mutum 72,610 suka fito a Afrilu 2024.

Raunin gasar na wajen talabijin. A 2022 ta sa hannu da kamfanin Apple kan dala miliyar 2 da rabi na shekara 10, aka mayar da yawancin wasanni intanet, sai wanda ya biya kuɗi na musamman ke gani. An soki tsarin da cewa ya ɓoye gasar daga idon mai wucewa, kuma daga 2026 an soke wannan kuɗi na daban. Ga mai kallo a Yamai ko Damagaram akwai wata matsalar: wasan da aka take da ƙarfe 7 da rabi na yamma a New York, ƙarfe 12 da rabi na dare ne a Nijar, na Los Angeles kuma sai wajen asuba.

Mata ne suka fara cin kofi

A 1972 Amurka ta yi wata doka da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Jami'o'i suka shiga neman wasan da zai ɗauki mata da yawa ba tare da tsada ba, ƙwallon ƙafa ya dace. Wannan ya ba ƙasar tazarar shekaru a kan sauran duniya. Matan Amurka sun ci Kofin Duniya sau huɗu: 1991, 1999, 2015 da 2019. Wasan ƙarshe na 1999 da ƙasar Sin ya tara mutum 90,185 a Rose Bowl. Na 2015, wanda suka doke Japan 5 da 2, Carli Lloyd ta ci uku cikin minti 16 na farko, mutum sama da miliyan 25 suka kalla a tashar Fox kaɗai, fiye da duk wani wasan maza da aka nuna da Ingilishi kafin lokacin.

Gasar ƙungiyoyin mata ta fi wahalar tsayuwa. Biyu sun mutu, kowace bayan kaka uku. Ta uku, NWSL, tana nan tun 2013, kuma a 2024 ƙungiyar Kansas City ta buɗe filin kujera 11,500 da aka gina musamman don ita. Ƴan Afirka na cikin masu jan ƴan kallo: Temwa Chawinga ta Malawi ta ci ƙwallo 20 a kakar 2024, Barbra Banda ta Zambiya kuma ta ci wa Orlando ƙwallon da ya ba ta kofi.

Meziko da Ingila

Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 62 masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, mafi yawansu daga Meziko. Waɗannan ba a koya musu son tamaula ba, da shi suka zo. Shekara da shekaru gasar Meziko, wadda ake nunawa da Sifaniyanci a tashoshi irin su Univision, ita ce gasar ƙungiyoyi da aka fi kallo a talabijin ɗin Amurka. Ƙungiyar ƙasar Meziko ta fi buga wasannin sada zumunta a Amurka fiye da gida, saboda a nan dala take. A wasan ƙarshe na kofin yankinsu a 2011, a Rose Bowl, mutum sama da dubu 93 suka hallara, mafi yawansu suna yi wa Amurka ihu a ƙasarta. Shi ya sa hukumar ƙwallon Amurka ta daɗe tana kai wasan neman gurbin Kofin Duniya da Meziko ƙaramin filin Columbus, a jihar Ohio mai sanyi, inda za ta iya lura da wanda aka sayar wa tikiti. Sau huɗu a jere, 2001, 2005, 2009 da 2013, ta ci 2 da nema a can.

Gasar Firimiya ta Ingila kuwa tashar NBC ce ta ɗaukaka ta. A 2012 ta saye izinin shekara uku kan dala miliyan 250, daga 2013 ta riƙa nuna kowane wasa. Bambancin agogo ya taimaka: wasan ƙarfe 3 na rana a Landan ƙarfe 10 na safe ne a New York, 7 na safe a Kalifoniya, lokacin da babu wani wasan Amurka da ke takara da shi. Matasa sun so shi don yana ƙarewa cikin awa biyu ba tare da an yi ta katse shi da talla ba, alhali wasan NFL yakan haura awa uku, da yawa kuma a wasan bidiyo na FIFA suka fara sanin sunayen ƴan wasa. Da aka sabunta yarjejeniyar a 2021, kuɗin ya kai kusan miliyar 2.7 na shekara shida. Attajiran Amurka suka bi sawun ƴan kallonsu: Manchester United, Liverpool, Arsenal, Chelsea, AC Milan da Marseille duk suna hannun Amurkawa ko kuma su ke da kaso mafi tsoka.

A wane mataki yake

A Kofin Duniya alƙaluma kan yi sama. Wasan da Ghana ta fitar da Amurka a 2010, da ƙwallon Asamoah Gyan, ya samu masu kallo miliyan 19. Na Amurka da Portugal a 2014 kusan miliyan 25. Wasan ƙarshe na 2022 wajen miliyan 26. Amma wasan ƙarshe na NFL yana haura miliyan 120, wasanta na mako-mako na samun miliyan 17 ko fi, matsakaicin wasan Firimiya kuwa wajen rabin miliyan ne. Cibiyar Gallup, mai tambayar Amurkawa wasan da suka fi son kallo, ta samu kashi 7 cikin ɗari sun zaɓi ƙwallon ƙafa a ƙarshen 2017, besbol kashi 9, futbol 37. A 2023 ƙwallon ƙafa ya sauko kashi 5, futbol ya hau 41. Masu cewa tamaula na dab da kwace kambu suna gaggawa. Abin da ya tabbata shi ne ya wuce hoki na kan ƙanƙara a wannan ma'auni, kuma masu kallonsa sun fi na besbol ƙuruciya.

Ƙungiyar maza ma ba ta taimaka kullum. Ta kasa zuwa Rasha a 2018 bayan Trinidad da Tobago ta doke ta 2 da 1. Ana yawan ɗora laifin kan tsarin horar da yara, inda iyaye ke biyan dubban daloli a shekara kafin ɗansu ya shiga ƙungiya mai kyau. Wasan da a sauran duniya na ɗan talaka ne, a Amurka ya fi zama na ɗan mai hali.

2026 da kuɗin ƙofa

A Yuni 2018 aka ba Amurka, Kanada da Meziko Kofin Duniya na 2026, Maroko ta sake shan kaye da ƙuri'a 134 da 65. Tsarin shi ne ƙasa 48, wasa 104, daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli, 78 daga cikin wasannin a biranen Amurka 11. Gwajin da aka yi a 2025 da Kofin Duniya na ƙungiyoyi ya nuna fuska biyu: mutum 81,118 a wasan ƙarshe da Chelsea ta doke PSG 3 da nema, amma 3,412 kawai a Orlando ranar da Mamelodi Sundowns ta kara da Ulsan ta Koriya ta Kudu.

FIFA ta ɗauki salon kasuwar Amurka, inda farashin tikiti ke hawa da sauka gwargwadon masu nema. A farashin farko da ta bayyana, mafi araha dala 60 ne, sama da jikka 30 ke nan, kujera mafi tsada a wasan ƙarshe kuma dala 6,730, fiye da miliyan 3 da rabi na sefa. Bayan ƙorafin ƙungiyoyin magoya baya, a Disamba 2025 ta ware ƴan tikiti kaɗan na dala 60 a kowane wasa ga magoya bayan ƙasashen da ke bugawa. A watan ne kuma gwamnatin Amurka ta faɗaɗa jerin ƙasashen da ta hana wa shiga, ta sa Nijar, Mali da Burkina Faso cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, Senegal da Kodebuwa kuma cikin waɗanda aka taƙaita wa biza. An keɓe ƴan wasa da masu horar da su daga haramcin, ban da ƴan kallo. Iran da Haiti, waɗanda dukansu sun samu gurbi a gasar, tun watan Yuni 2025 suke cikin jerin farko.